Faifan Amma

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi a gidan rediyo, har da sunayen wasu da muka ci abinci a kwano ɗaya, sai dai ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tara mutanen unguwarmu don su saurare ni ba. Ni na gayyace su da bakina, gida-gida na bi a Kwaciri. Har zoɓo na sa aka haɗa da ƙanƙara. In kun taɓa jin wadda ta yi wa abin kunyarta gayya, to ga ta nan tana ba ku labari.

A lokacin soja sun koma bariki ke nan, an rantsar da sabon shugaban ƙasa na farar hula, gari ya ɗauka, ko'ina ka ratsa zancen ke nan. Ni kuwa ina 'yar wucin gadi a sashen labarai, irin ma'aikatan nan da ake aika ko'ina amma ofis bai san da zamansu ba. Na daɗe a haka har ƙannena suka raɗa min Anti Wucin Gadi. Sai aka ce za a tabbatar da wasu daga cikinmu, sauran kuma a sallame su, kuma sabon shugaban sashenmu, Alhaji Tijjani, shi ne zai zaɓa. Saboda haka duk aikin da ya miƙo maka a makon nan jarrabawa ce, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Alhaji Tijjani dogo ne siriri, ɗan gidan malamai, in yana magana sai ka matso kafin ka ji. A zamanin soja an tura shi ɗakin ajiyar tsofaffin faya-fayai ya yi ta shaƙar ƙura, saboda ya ƙi karanta wani abu da aka ce ya karanta. Da aka dawo da shi, a taron farko ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Zamani ya canja. Daga yau abin da mutum ya faɗa shi za mu sa, ko ya yi wa gwamnati daɗi ko bai yi ba." Duka muka gyaɗa kai. Muna fita na taɓe baki na ce wa ta kusa da ni kowane sabon oga haka yake faɗa a makon farko. (Ina ganin kaina wayayyiya a lokacin, Allah ya yafe min.)

Bari in bayyana muku yadda muke aiki, don in ba haka ba ba za ku gane irin ramin da na faɗa ba. A lokacin babu kwamfuta. Murya a kan zare take, wani siririn zare ruwan ƙasa da ake naɗewa a faifai. In kana son cire wata magana, sai ka nemi wurin, ka yi alama da farin fensir, ka sa reza ka yanke, ka haɗa bakin biyu da salatif. Wanda ya koya min wannan aikin Malam Habu ne, tsohon furodusa da ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce, shi yana nan daram a kan kujerarsa.

Ranar farko ya zaunar da ni ya ce, "Yarinya, kin san mutumin Kano. In kika miƙa masa makirufo ba ya fara miki da ƙorafi, ba tarbiyyarsa ba ce. Sai ya yi godiya ga Allah, ya yi wa shugaba addu'a, Allah ya taya shi riƙo, Allah ya ba shi mashawarta na gari. Daga nan sai ya ja numfashi ya ce amma. To wannan numfashin shi ne iyakar gonarmu. Nan za ki ɗora reza."

Na kuwa ƙware. Ina iya jin numfashin tun kafin mai shi ya ja. In na yanka na haɗa, ko mai muryar ba zai ce an taɓa maganarsa ba, sai dai ya yi ta mamakin yadda ya zama mai ladabi haka a rediyo. Malam Habu har kirana yake yi ya nuna wa baƙi. Kaina ya kumbura ƙwarai da wannan baiwa.

Guntayen da aka yanke kuwa ba zubarwa muke yi ba. Akwai wata tsohuwar al'ada a ɗakin tace shirye-shirye: sai a tattara su a haɗa a faifai guda, mu ce masa faifan amma. In an samu sarari sai a rufe ƙofa a kunna, mu yi ta dariya har da riƙe ciki. A nan muke jin abin da garin yake faɗa da gaske. Mu muka san da shi, mu kaɗai, kuma tun da aka fara bai taɓa tsallake ƙofar ɗakin ba.

To ana cikin haka Alhaji Tijjani ya kira ni ya ce in ɗauki rakoda in shiga Fagge da Sabon Gari in jiyo ra'ayin jama'a game da sabon shugaban ƙasa. Ya ce ranar Alhamis bayan la'asar za a sa, kuma za a ambaci sunana. Sunana fa, a rediyo, bayan shekarun da na yi ina yanka muryoyin wasu. Na fito daga ofishinsa baki har kunne.

Na yi yawo ranar kamar an aiko ni neman ɓatacciyar akuya. Na shiga cikin 'yan atamfa a Fagge, na tsayar da masu acaɓa, na ji ta bakin wata mai tuyar awara, na ji ta wani tela da ya ƙi tsayar da kekensa har sai da na haɗa shi da Allah. Kowa, ba tare da sun haɗa baki ba, sai ya fara da addu'a, ya ja numfashi, ya ce amma. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi ina gyaɗa kai, a zuciyata ina yin alama da farin fensir.

Daga nan na wuce Kasuwar Singa wurin Baban Ngozi. Babban dila ne na madara da sukari da kayan shayi, a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa kuwa ta Kano ce tsantsa. 'Yarsa Ngozi ƙawata ce tun sakandare, na ci shinkafar gidansu ba adadi. Yana ganina da rakoda ya kori wani mai ciniki daga kan benci, ya gyara hula ya ce, "'Yata, kunna abin naki."

Ya yi gyaran murya ya fara. "Ni dai na gode wa Ubangiji da ya nuna min wannan rana. Ranar Lahadi a coci da bakina na yi wa sabon shugaba addu'a, Allah ya ba shi lafiya da basira, ya raba shi da mugayen mashawarta." Sai ya ja numfashi. "Amma fa kada a ruɗe mu da babbar riga, shi ma kaki ya cire. In motar kayana za ta ci gaba da kwana a layin mai, bota tana narkewa a shago don babu wuta, to ni ban ga abin da ya canja ba sai ɗinki."

Da na kashe rakoda ya ce, "Duka za ki sa ko?" Na ce, "Haba Baba, duka mana." Ya ba ni gwangwanin madara ya ce in kai wa Inna. Na karɓa ko kunya ban ji ba.

Da na dawo gida sai na ga muryoyin dattawa sun yi min kaɗan. Ga Baba zaune a ƙofar gida, tsohon hedimasta, mai murya kamar ta liman. Na ce me zai kai ni nesa? Na durƙusa na miƙa masa makirufo, na sa masa suna "wani dattijo a Kwaciri". (Na sani, na sani. Ba a hira da uba a ce ra'ayin jama'a ne. Ku ƙara wannan a cikin laifuffukana.) Shi ma ya yi addu'arsa mai tsawo, ya ja numfashi. Abin da ya faɗa bayan numfashin kuwa za ku ji shi nan gaba, kamar yadda duk Kano ta ji.

Washegari na shiga ɗakin tacewa na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Maganar Alhaji Tijjani ta faɗo min a rai, na kore ta. Na ce wa kaina, sabon shugaban ƙasa ne, makonsa na farko, wa zai so a ce a gidan rediyonsa aka fara yi masa tsiya? Oga ya faɗi abin da ya kamata oga ya faɗa, ni kuma zan yi abin da na san ogogi suna so. Na yanke kowa a numfashinsa. Shirin ya fito sumul, addu'a na bin addu'a, in ka ji sai ka rantse walimar saukar karatu ce.

Guntayen kuma na haɗa su a faifan amma kamar yadda aka saba. Na wannan karon ya fi na kullum daɗi, don mutane sun saki baki tun da soja sun tafi. Daɗin ya ɗebe ni har na ƙara abin da ba a taɓa ƙarawa ba: na shiga gaban makirufo na ɗauki muryata a ƙarshensa, ina kwaikwayon masu karanta labarai, abokan aiki suna gefe suna ƙyaƙyatawa.

Ranar Alhamis da azahar muka rufe ƙofa muka kunna shi, ni da Malam Habu da wasu. Faifan shirin na gaske yana kan tebur, na ciro shi daga kwalinsa don in yi masa dubawar ƙarshe. Muna tsakiyar dariya sai muka ji takun Alhaji Tijjani a baranda, yana tambayar ko shirin ya kammala. Na fizge faifan amma daga kan na'ura, na wawuri ɗayan daga kan tebur, ɗaya na cusa a kwali, ɗaya na jefa a jakata. Faya-fayanmu duka iri ɗaya ne, babu mai fuska. Alhaji ya buɗe ƙofa, na miƙa masa kwalin da hannu biyu har da ɗan russunawa. Ya ce, "Madalla. Na yarda da ke, kai wa mai na'urar watsa shirye-shirye kawai." Na kai, na nemi izini na tafi gida, don ina da baƙi.

Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika. Mata a ciki kan tabarmi, Inna ta ɗora rediyonta a kan turmi da aka kife. Baba da abokansa suna ƙofar gida da nasu babban rediyon. Ni kuwa na yi wanka na ɗaura sabuwar atamfa, kamar a rediyo ana ganin mutum. Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba, wadda ba ta taɓa yarda cewa aikina aiki ba ne, ta zauna a gaba da kofin zoɓonta ta ce, "To, yau dai ma ji abin da ake fita tun safe ana yi."

Mai gabatarwa ya ce ga ra'ayoyin mutanen Fagge da Sabon Gari game da sabon shugaban ƙasa, kamar yadda wakiliyarmu ta tattaro. Ya faɗi cikakken sunana, har da na Baba a ƙarshensa. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Na sunkuyar da kai irin na masu kunyar yabo.

Sai aka ji wani ya ja numfashi.

"Amma gaskiya in har kwastan za su ci gaba da tare mana kaya a hanya, to ba mu ga canji ba."

Na ɗago kai. Na ce ko wani guntu ne ya tsere min. Kafin in gama wannan tunanin mai awara ta shigo. "Amma mu dai talakawa ko wa ya hau, man gyaɗa ba ya saukowa." Tela ya biyo ta da ƙarar kekensa. "Amma alƙawari ai mun sha shi, har ya fara yi mana ƙwarnafi." Mai acaɓa ya karɓa. Amma, amma, amma, babu sallama, babu addu'a, babu ko bisimilla. Rediyon Inna yana faɗa, na ƙofar gida yana maimaitawa.

Na jawo jakata a hankali na leƙa. Ga faifan shirin nan kwance kusa da hodata, lafiyarsa ƙalau. Zufa ta karyo min tun daga tsakiyar kai. A lokacin babu wayar hannu, wayar da ta fi kusa da mu tana can bakin titi a wani shago, kuma ko na samu acaɓa mai fiffike shirin zai ƙare kafin in isa. Na zauna kawai, sabuwar atamfata tana jiƙewa.

Muryar Baban Ngozi ta fito tar, kowa ya gane ta, don rabin masu shayin Fagge a wurinsa suke sari. "Amma fa kada a ruɗe mu da babbar riga, shi ma kaki ya cire." Inna ta dube ni ta ce, "Wannan ba shi ne ya aiko min da madara ba?"

Daga nan sai dattijon Kwaciri. Muryar Baba ta cika gidan ciki da waje. "Amma ku 'yan rediyo ku ji tsoron Allah. Jiya mai kaki kuka yaba, yau mai babbar riga za ku yaba, gobe ko akuya aka ɗora za ku ce tana da hangen nesa." Daga ƙofar gida muka ji tsofaffi sun tuntsire da dariya, wani har yana tari. Na ce a raina, shi ke nan, an gama, abin da ya fi wannan muni ba zai zo ba. Na manta da abin da na ƙara a ƙarshe.

Muryata ce, a tsanake, da irin jan harafin masu karanta labarai: "Jama'a masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen abin da ba za ku taɓa ji a wannan gidan rediyo ba. Sai mun sake yankawa." Dariyar abokan aikina ta biyo baya, da muryar Malam Habu yana cewa a rufe ƙofa.

Gwaggo Laraba ta kurɓi zoɓonta, ta ajiye kofin ta ce, "To, ai kuwa ga shi mun ji."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban waiwayo ba. Abin da ya ƙarasa ni shi ne da Baba ya leƙo daga zaure ya kira ni. Na tafi ina jiran faɗa. Sai na tarar fuskarsa cike da fara'a, ya nuna ni ga abokansa ya ce, "Kun ga, ban zaci za ta sa ba. Ashe na haifi 'yar jarida." Tsofaffi suka yi ta sa min albarka. Na durƙusa ina amsa amin, ina jin kamar ɓarauniyar da aka ba ajiyar makulli. Ban iya gaya masa cewa kuskure ne ba.

Washegari na tafi ofis da niyyar kwashe 'yan kayana. A bakin ƙofa na ci karo da mai na'ura, na ce masa, "Kai kuma da ka ji abin da ke fita, me ya hana ka kashewa?" Ya ce, "Wallahi na kai hannu, sai na tuna Alhaji ya ce kada a ƙara tare maganar kowa. Na ɗauka dimokuraɗiyyar ce ta iso." Malam Habu kuwa ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi.

Na shiga ofishin Alhaji Tijjani, sai ga Baban Ngozi zaune a kujerar baƙi, hularsa a kan gwiwa. Ya bar shagonsa da safiyar Juma'a, ranar ciniki. Ko gaisuwata bai bari na ƙarasa ba.

"'Yata, ina addu'ata?" ya ce. "Na yi wa mutumin nan addu'a a gabanki, ina kika kai ta? Tun jiya masu sari suke min kallon maƙiyin gwamnati. Wani Alhaji da muka shekara da shekaru muna hulɗa ya ce ashe haka nake, ina cin arzikin gari ina zagin shugaba ko sallama babu. Matata ta ce na zubar mana da mutunci a Sabon Gari. Ni na ce miki duka, kika ce duka."

Na fashe da bayani, ina haɗa kalmomi da ƙyar. Na ce kuskure ne, faifai ne ya musanya, ga na gaskiyar nan a jakata, kuma addu'arsa tana ciki cif. Na ɗauka wannan zai wanke ni. Alhaji Tijjani ya ce a hankali, "To mu ji na gaskiyar." Aka kawo na'ura aka ɗora.

Addu'a ta fara zuba. Mai atamfa ya yi, mai awara ta yi, tela ya yi. Baban Ngozi ya ji kansa yana roƙa wa shugaba lafiya da basira, daga nan sai muryar wani ta shigo. Ya jira, ya ji babu sauran. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Wannan kika so ki sa?"

Na ce e.

"To gara na jiya," ya ce. "Na jiya an ce ba ni da ladabi. Da wannan kika sa, da an ce kwangila nake nema. Ni da motata ke kwana a layin mai, in fito a rediyo ina ta addu'a kamar an biya ni?"

Alhaji Tijjani bai ɗaga murya ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki faifai ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya ce, "Tun jiya ake bugo min waya. Wasu suna cewa 'yan adawa sun saye mu, wasu suna cewa mun zama jarumai. Duka biyun ba mu ci ba. Wannan rabin magana ne, wannan ma rabin magana ne, kuma duk wanda muka sa mun yi wa mutanen nan ƙarya da muryarsu." Ya tura min su. "Je ki mayar wa kowa da amma ɗinsa. Gobe za mu sake sawa, kuma ke za ki buɗe shirin da bakinki ki faɗi abin da ya faru."

Ban taɓa sanin haɗawa ta fi yankawa wuya ba sai ranar. Yankawa numfashi ɗaya kake nema. Haɗawa kuwa sai ka gane wace amma ce ta wane, ga masu acaɓa da muryoyinsu duk iri ɗaya. Sau biyu ina liƙa wa wani mai atamfa ƙorafin man gyaɗa. Na yini a ɗakin nan, guntayen zare rataye a wuyana, salatif a kowane yatsa. Da na gama na saurara daga farko, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba duk shekaruna a wurin: mutanen sun fito kamar mutane. Suna yi wa shugaban fatan alheri da gaske, suna kuma tsoron kada ya ba su kunya da gaske.

Aka sa shirin ranar Asabar. Na buɗe da cewa ni ce na raba maganar mutane biyu, na ɓoye rabi, kuma rabin da na so in ɓoye shi ne ya fita, ina neman afuwar duk wanda na yanka. Wannan karon ban gayyaci kowa ba, ban haɗa zoɓo ba. Duk da haka na ji labari Gwaggo Laraba ta zo da kanta ta zauna gaban turmi.

Ranar Litinin Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Za mu riƙe ki. Hannunki yana da kyau, kuma wanda ya sha irin kunyar da kika sha ba ya maimaitawa." Farin ciki ya kama ni har na fara godiya, sai na ga ya ja numfashi. "Amma daga yau duk abin da kika yanke, ni za ki kawo wa in ji kafin ya shiga kwandon shara." Na ce na yarda. A ranar aka daina faifan amma a ɗakinmu, Malam Habu ya yi ta ƙunƙuni wai an kashe masa nishaɗi. Baban Ngozi kuwa ya aiko Ngozi da wani gwangwanin madarar, da saƙon cewa wannan na Inna ne duka, kada in yanke rabi.

Wanda na fi jin tsoron haɗuwa da shi Baba ne, don ya ji ni da kunnensa ina faɗin cewa jarumtar da ya yi alfahari da ita kuskure ce. Da yamma na same shi a ƙofar gida shi kaɗai, na durƙusa na gaya masa an tabbatar da ni. Ya ce, "Na ji shirin Asabar. Kin yi aiki." Na ci gaba da durƙuso ina kallon bakinsa. Ya ce, "Me kike jira kuma?" Na ce, "Amma ɗin, Baba." Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Yau babu. Tashi ki shiga."

Na yi shekaru bayan nan ina aikin, shugabanni sun hau sun sauka, reza ta tafi kwamfuta ta zo, yankan ma ya fi sauƙi yanzu. In sababbin ma'aikata suka tambaye ni ƙa'idar aikin jarida, ba na kawo musu dogon turanci, cewa nake su bar mutum ya gama numfashinsa. Ni kuma abin ya bar min tabo guda: har yau in wani ya yabe ni, ko maigidana ne, ba na saurin godiya. Sai na tsaya tukuna na ga ko zai ja numfashi.